Majajjawar Kawu

Mu mutanen Magarya da Dungas ba a koya mana jifa. Yaro na tasawa za ka gan shi gindin goruba da hoge a hannu, kuma ba ya auna ƴar gorubar kai tsaye, sai ya ɗan ɗaga sama da ita. Dubi masu gini ma: na ƙasa ya cilla tubali, ya isa hannun magini daidai lokacin da ya gama hawa, a sanyaye kamar miƙa masa aka yi.

Amma ka same mu a majalisa ka ce mu faɗi dalili, nan ake yin ta.

Ran nan bayan la'asar wani mushen lakwal ya tambaye mu: in kana wulwula majajjawa ka saki, ina dutsen ke nufa? Kawu ya ce, "Haba mushe, ai sai ya ɗan ci gaba da kewayawa, tunda juyin ya shiga jikinsa." Mushe ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu, miƙewa yake ta inda ya fuskanta sa'ad da aka sake shi, nauyi ne kawai ke karkato shi ƙasa." Wannan fa Kawun da tun yana yaro yake korar jan-baki a gonar gero, dutsensa bai taɓa kewayowa ya fasa masa ƙeya ba.

Haka muka rantse cewa makulli in ya suɓuce wa ɗan kabu-kabu a hanyar Waca, nan take yake komawa baya. Ashe biyo babur ɗin yake har ya taɓa ƙasa. Ni ma da bakina cikin rantsuwar.

Mushe ya ce kar mu ji kunya. A 1980 Michael McCloskey da abokan aikinsa sun yi wa ɗaliban jami'ar Johns Hopkins ta Amurka irin wannan tambaya, da yawansu suka zana lanƙwasa irin ta Kawu. Ibn Sina ma, da ya rasu a 1037, ya ce mai jifa wani ƙarfi yake zuba wa dutse, shi ke tafe da shi.

Kawu ya gyara zama. "To, ni da Ibn Sina sahu ɗaya muke. Kai kuwa mushe, gobe da sassafe ka zo gona da allinka, ka kore mini tsuntsu."