Taubashi, Ƙyale Kafiretar Nan Ta Huta

Taubashina na Birnin Ƙonni, ɗan mace, sabon mai babur. Labarinka ya riga ka tsallako iyaka. An ce tun ranar Lahadin da ka zo kasuwar Illela ka zube sefa ka karɓi tsohon babur ɗin nan, kafiretarsa ba ta kwana biyu a jikin inji ba a kwance ta ba. Yau a wanke ta da fetur, gobe a hura mata iska da baki, jibi a soka mata waya. Har yaran gareji sun raɗa maka Alhaji Kafireta, kai kuwa kana amsawa da fara'a, tunda ba ka taɓa samun mai kiran ka Alhaji ba.

Zauna ubangidanka ya karantar da kai, kyauta. Kai da bakanikenka kun bar jaki kuna dukan taiki.

Abin da ka saya ɗan China ne da aka kwaikwayo daga Honda CG125, wanda Japanawa suka fitar a 1975 musamman don ƙasashe irin namu, inda mutum ke tuna canjin baƙin mai sai inji ya fara kuka. Inji ne mai haƙuri. Idan ka ga irinsa ya gaji, to ya ga duniya. Naka kuwa kowa ya san kabu-kabu ya yi, ya ɗauki buhun albasa da gero tsakanin Illela da Ƙonni har ramukan hanya sun san shi.

Mai hankali idan zai sayi tsohon babur, hannu yake fara ɗorawa a kan inji. In ya ji ɗumi, ya san dillali ya riga ya tayar da shi tun da safe don ya ɓoye ciwon, sai ya ce a bari ya huce. Kai an ce madubi ka fara dubawa, ka gyara hula. Inji mai lafiya yana tashi a sanyi da kik ɗaya ko biyu. Kuma ƙafarka ma shaida ce: kik ɗin ya kamata ya yi maka gardama, ka ji yana turo ka. Naka yaro ɗan shekara bakwai zai taka shi ya sauka salin-alin. Cire fulogi, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka kik. In iska ba ta ture yatsan da ƙarfi ba, matsi ya tafi, ko dai ringin fistan ya cinye ko bawul ba ya rufewa.

Sai hayaƙi. Ranar da ka wuce ta bakin tasha, masu shayi sun ɗauka maganin sauro ake fesawa. Shuɗin hayaƙi a wannan inji ma'anarsa baƙin mai na haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Kada ka kawo mini zancen Suzuki AX100 da 'yan'uwansa, su an ƙera su ne su ƙona mai tare da fetur, hayaƙi ɗabi'arsu ce. Naka ba ya cikinsu. Da laifin kafireta ne, baƙin hayaƙi za ka gani mai warin ɗanyen fetur. Duba bakin fulogin ma: in ruwan ƙasa ne, lafiya lau, in baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa, in fari ne fat, iska ta rinjaya, inji na zafi, in kuwa baƙi ne mai maiƙo da danƙo, irin wanda kake gogewa da gefen rigarka kullum, to ciwon yana cikin silinda. Na kuma san dabarar da aka yi maka: an ɗura wa injin baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara, ka ji inji shiru ka ce ka tsinci dami a kala.

Ban ce kafireta waliyyiya ce ba. A garin nan tana shan wahala. Tun Nuwamban 2019 da kwastan suka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, babura da yawa suka koma shan na kwalba da galan, wani da ruwa, wani da ƙasa. Aka cire tallafi a Mayun 2023, mai ya yi tsada, irinku kuka koma sayen rabin kwalba kuna yawo a kan rizab, kuna zuƙo tsatsar gindin tanki. Ita ke toshe ƙaramin jet, babur ya ƙi tsayawa a silo sai da cok. Ita ke maƙale allurar fulot, fetur ya riƙa zuba ta tiyo. Robar da ke tsakanin kafireta da inji in ta tsage, ka saki totur amma ƙara ta ƙi sauka. Duk waɗannan aikin awa ɗaya ne, kuma in an gyara sun gyaru. Wanki na biyar bai taɓa warkar da abin da na farko ya kasa ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, wai ka cire soson matatar iska ka jefar don babur ya numfasa. A Illela, da hunturu! Ƙurar da ke hana mu ganin ƙofar kwastan ita kake ɗura wa fistan, tana goge ringi a hankali.

Saboda haka tanadi kuɗin ringi da fistan, wataƙila har da gyaran silinda da bawul, ka sayi sabon soso, a wanke tanki. In sefar ta ƙare, kawo shi gidana, ina da mai amalanke da zai ɗauko ku ku biyu. Amma ka sani ba zan yafe wasan shara na bana ba, kuma duk mai tambaya zan gaya masa dillalin nan har yau yana yi maka addu'a, yana tambaya ko kana da ƙane.