Yadda Za a Busar da Gashi a Miƙar da Shi Ba Tare da An Soya Shi Ba

Duk macen da ta taɓa tsefe kai ta wanke da safiyar ranar biki ta san cewa wankin ba shi ne aikin ba. Aikin yana farawa ne bayan an zuba ruwan ɗauraya na ƙarshe. Gashi ya sha ruwa ya ƙanƙance, ya cure wuri guda, mataji ya shiga ya ƙi fita, ga ƙawaye suna ta bugo waya wai mota na jira. A da, mafita biyu ce: ko a baje a tsakar gida rana ta yi nata, ko a tafi salun a zauna ƙarƙashin babbar diraya har kunne ya yi ja, sannan a dawo kujera a bi gashin da sitirecha tsagi bayan tsagi. Na'ura biyu, zama biyu, rabin yini ya tafi.

To, yanzu masu ƙera kaya sun ce sun haɗe aikin wuri ɗaya. A shekarar 2023 kamfanoni biyu na Birtaniya suka fito da abin da ya tayar da ƙura a duniyar kwalliya: ghd ya fitar da Duet Style, Dyson kuma ya biyo da Airstrait a watan Mayu, a kan kuɗi dala 500 ba 'yan canji. Kowacce tana kama jiƙaƙƙen gashi tsakanin hannuwanta biyu, ta hura masa iska mai zafi, ya fito busasshe kuma miƙaƙƙe. Kafin su akwai buroshin Revlon One-Step mai hura iska, wanda ya fi su araha nesa ba kusa ba, kuma shi ne irin wanda aka fi cin karo da shi da 'yan kwaikwayonsa a shaguna da intanet.

Neman hanyar nan ba yau aka fara ba. Tun a shekarun 1870 Marcel Grateau yake gasa ƙarfe a birnin Faris yana lanƙwasa gashin mata da shi. A 1888 wani Bafaranshe mai gyaran gashi, Alexandre Godefroy, ya haɗa wata hula da bututun murhun gas, mace ta zauna a ƙarƙashi zafi na ratsa kanta. Diraya ta hannu ba ta shigo kasuwa ba sai wajajen 1920. Matajin ƙarfe da ake ɗorawa a wuta kuwa, wanda iyaye da yawa suka san ƙaurinsa, ya yaɗu tsakanin baƙaƙen matan Amurka a farkon ƙarni na 20.

Shawarar da ya kamata a fara da ita ba ta shafi gashi ba ma, ta shafi bango. Kafin uwargida ta roƙi 'yar uwarta da ke Amurka ta saƙo mata na'urar cikin akwati, ta fara duba abin da ke fitowa daga soket ɗin ɗakinta. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya 230, ta Nijar ma 220. Yawancin na'urorin hura iska mai zafi da aka ƙera wa kasuwar Amurka ba su san komai ba sai 120 ɗin nan tasu. Ɗan adaftan da ake saya a bakin titi bakin filogi kawai yake canzawa, ba ya rage wa wuta ƙarfi ko kaɗan. Ranar da aka jona, za a ji ƙara sau ɗaya, a ji wari, shi ke nan tsarabar ta zama abin ado a kan madubi. Wadda za ta yi saƙo, ta yi daga Ingila ko Dubai, inda ƙarfin wutar da bakin filogin duk suka yi daidai da na Najeriya.

Sai batun ci. Airstrait na jan wat 1,600, buroshin Revlon kuma sama da 1,000. Ƙaramin janareton Tiger da ke kuka a kusan kowace unguwa ba ya kai wat 1,000. Don haka idan aka ɗauke wuta, Hajiya ta leƙo ta ce wa yaro, "Kai, Ɗan'auta, je ka tayar da inji," to ta sani cewa da zarar ta danna maɓallin, fanka za ta tsaya, talabijin ta mutu a tsakiyar labarai, daga falo kuma a jiyo muryar maigida: "Wai me kuka jona ne a gidan nan?" Ƙaramar inbata mai batir ɗaya ma ba za ta ji daɗi ba. Amma a wutar gwamnati lissafin ba mai ban tsoro ba ne. Rabin awa da wat 1,600 yunit 0.8 ne kacal, wato ko a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, naira 180 ke nan. Kuɗin sayen ne ke sa mutum ya nemi kujera: dala 500 a canjin naira 1,500 ta kama naira 750,000, fiye da albashin wata goma na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wadda aka yi wa tallar "Dyson" a naira dubu talatin, ta yi wa mai tallar fatan alheri ta wuce. Araha ba ta ado, balle arahar da za a kai kusa da fatar kai tana ci da wuta.

An gama da bango, sai a komo kan gashin, inda nan ne akasari ake yin ɓarnar.

Silin gashi furotin ne da ake kira keratin, kuma akwai wasu ƙananan ɗauri a cikinsa masu saurin kwancewa. Ruwa na kwance su, idan gashin ya bushe su sake ƙulluwa a siffar da suka tarar da shi. Shi ya sa kitso ke barin lanƙwasa bayan an tsefe, shi ya sa kuma kitson zare ke miƙar da gashi ba tare da ya ga wuta ba. Kakanni sun daɗe da gano wannan. Na'urar zamani abin da take yi ke nan, da sauri kawai: ta ja gashin a miƙe, ta busar da shi a haka.

Matsalar ita ce gashi na iya shan ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, kuma yana jiƙe ya fi rauni. Ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100. Sitirecha ta yau da kullum, mai faranti biyu, tana kaiwa digiri 230. Idan aka matse jiƙaƙƙen gashi tsakanin farantan nan, ruwan da ke cikin silin ya tafasa nan take, ya zama tururi, ya rasa ƙofar fita, sai ya fasa silin daga ciki kamar yadda masara ke fashewa ta zama gugguru. Likitocin fata sun bayyana wannan a 1986, bayan sun duba gashin a madubin likita sun ga kumfa jere a cikinsa. Gashin da ya yi haka sai ya bushe ƙamas, ya riƙa karyewa a kan matashi da bakin ɗankwali. Babu man da ke gyara shi, duk tsadarsa. Sai almakashi da haƙuri, tunda gashi kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata.

Saboda haka kunne da hanci su ne manyan masu gadi. A salun, idan yarinyar da ke aiki ta damƙe tsagi aka ji "cuuu", farin hayaƙi ya tashi, ta yi murmushi ta ce, "Anti, ba komai, tururi ne kawai," to Anti ta ɗaga hannu ta ce a dakata. Tururin nan daga cikin gashinta ya fito. Ba rashin kunya ba ne mace ta ce a ƙara busar mata kafin a kawo ƙarfe. Ita za ta kwana da kan, ba mai salun ba.

Abin da ya bambanta sababbin na'urorin da tsohuwar sitirecha shi ne sun san wannan iyaka. Airstrait ba ta da faranti mai zafi sam, iska ce take turowa a karkace, kuma a kan jiƙaƙƙen gashi zaɓi uku take bayarwa: digiri 80, 110 ko 140. Duet Style na da faranti, amma zafinsa na digiri 185 an keɓe shi ne don gashin da ya riga ya bushe. Su kuwa masu araha da aka rubuta wa cewa suna aiki a kan jiƙaƙƙen gashi, alhali faranti ne kawai da 'yan huji-hujin fitar tururi, gara a ɗauke su a matsayin sitirecha ta gama-gari, a bari gashi ya bushe tukuna.

Ko da na'urar kirki ce a hannu, kalmar da ke jikin kwalin "mai danshi" take nufi, ba mai ɗiga ba. Bayan wanka a naɗe kan da tsohuwar riga mai laushi ko tawul, a matse a hankali ba tare da dirza ba, har sai an daina jin ruwa na bin wuya. A warware cuɗewar da yatsu da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa gindi, tun gashin na da santsin man wanki ko na karkashi. A fesa maganin kare zafi. Sannan a raba kan gida huɗu ko shida, a ɗaure kowanne, a riƙa ɗibar tsagi siriri. Nan ne mai gaggawa ke faɗuwa: ta cusa damin gashi cikin na'ura don ta gama da wuri, saman ya bushe, cikin na jiƙe, ta koma ta bi sau shida. Sauri ya haifi nawa. Tsagi ƙarami, tafiya a hankali, bi biyu ko uku, ya fi.

Mai gashi mai cika da ƙarfi, irin wanda ke karya mataji, ta san cewa tallar ba da kanta aka yi ba. Na'urar ba ta isa can gindin gashi, don haka sai an fara busar da gindin daban. A Airstrait ana rufe hannuwan biyu ta zama kamar diraya don wannan aikin. Mai diraya ta hannu kuma ta riƙe ta nesa kaɗan: wani bincike da likitoci suka wallafa a Koriya ta Kudu a 2011 ya nuna cewa tazarar santimita 15, da hannu yana motsi ba tsayawa, ita ce mafi sauƙin illa. Abin da za a samu a ƙarshe gashi ne miƙaƙƙe mai laushi da ya yi daɗin kitso ko fakin, ba lallai irin wanda ke zuba a kafaɗar 'yar fim ɗin Indiya ba, kuma hakan ma ya isa a yi godiya.

Man kaɗanya, man kwakwa da basilin duk suna da ranarsu, amma ba kafin wuta ba. Mai a kan gashi, ƙarfe mai zafi a kan mai, wannan suya ce. A 1968 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani irin sanƙo da ke farawa daga tsakiyar kan mata, suka danganta shi da narkakken basilin da ke gangarowa fata daga matajin wuta. Daga baya an gano cewa dalilan cutar sun fi haka yawa, har aka canza mata suna, amma babu likitan da ya dawo ya ce zafaffen mai a fatar kai alheri ne. A shafa man bayan an gama, kaɗan, a bakin gashi. Wadda kuma ta sa rilaksa ko ta yi rini, gashinta ya riga ya sha wuya sau ɗaya, sai ta zaɓi zafi mafi ƙanƙanta.

Akwai kuma abin da masu ƙera na'urar ba su sa a lissafi ba. Ɗaurin nan da ruwa ke kwancewa bai san an kashe dala 500 ba. Mace za ta yi alwala ta shafi kai da jiƙaƙƙen hannu, za ta yi zufa a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi a zafin Afrilu, ga damina da iskarta mai laima. Gashin goshi da na ƙeya su ne za su fara komawa gidansu na asali. Kuskure shi ne a riƙa bin su da wuta kowace safiya. A bar su. Da dare a raba gashin a yi kalaba biyu ko huɗu marasa tsauri, a ɗaura ɗankwali mai santsi, da safe a warware. Zafi sau ɗaya ranar wanki ya wadatar, in an samu hali ma a tsallake wani wankin a koma wa kitson zare.

Na'urar ita ma tana da haƙƙi. Ƙurar hunturu na toshe ragar da take shaƙar iska, idan ta toshe zafi ya ƙaru ko ta riƙa mutuwa da kanta, don haka a riƙa gogewa da busasshen buroshi. Kada a shiga da ita banɗaki kusa da bokitin ruwa, kada a naɗe wayarta tana da zafi, kada kuma a ajiye ta a kan katifa inda ƙaramin yaro zai kai hannu.

Wadda ke da wuta tsayayya, da kuɗin ta gaske, da gashin da ke cinye mata yini, na'urar za ta rage mata wahala sosai. Wadda ba ta da ɗaya daga cikin ukun, diraya ta hannu mai bakin mataji da zafi matsakaici za ta kai ta biki lafiya. 'Yar uwa, ko wacce kika ɗauka, in kin ji ƙauri ki zare filogi.