Gudu Ba Mai Kora

A Haɗeja, yaro in ya sheƙa da gudu wasa yake yi. Magidanci kuwa in ya sheƙa, to ko gobara ce, ko ruwa ya fasa jinga, ko mai bin sa bashi ya ɓullo ta kwana. Saboda haka duk wanda ya ɗaura niyyar zuwa Legas gudun famfalaki, wanda 'yan rediyo ke kira gudun yada ƙanin wani, sai ya fara shawo kan idon jama'a kafin ya zo kan gwiwarsa.

Niyyar dai ba ta da aibu, don gudun na tara wa mabukata kuɗi ne. Wanda ya ga abin da ambaliya ta yi wa Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri a 2020 da 2022 ba ya buƙatar a yi masa wa'azin taimako. Dabarar ce aro. A Landan tun 1981 ake wannan tsere, mutum ya ɗauki alkawarin gama kilomita 42 da ɗoriya, dangi da abokai su ɗauki alkawarin kuɗi, kuɗin su tafi ga mabukata. Legas ta fara nata a 2016, a watan Fabrairu. Ga waɗanda za ka tarar a kowane zauren WhatsApp da aka buɗe don wannan aiki.

Na farko shi ne Alhaji Mai Kaya. Tun kafin ya taka ƙasa ya je Kano ya sayo kambas, da wando mai santsi, da gorar ruwa, da agogon da ke ƙirga taku. Kullum da yamma yana tura hoton agogon a zaure: taku dubu goma sha biyu. Ana ta jinjina masa, har ranar da aka ga agogon a hannun ɗansa, yaron yana buga ƙwallo a filin makaranta.

Sai Ɗan Dutse. Ma'aikacin gwamnati ne, Litinin da asuba ya kama mota, Juma'a ya dawo. In ka tambaye shi a Haɗeja, sai ya ce ai a Dutse yake atisaye, can akwai hawa da gangara, nan garin shimfiɗe yake, ba ya gina ƙafa. Abokan ofis kuma ya ce musu sai ƙarshen mako, a bakin kogi, inda iska ke da kyau. Garuruwan biyu kowanne ya yarda cewa ɗayan na ganin zufarsa.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Mai Kunya, don shi da gaske yake yi. Yana fita tun kafin kiran assalatu don kada surukai su gan shi. Ya ɗora jallabiya a kan wandon gudun, ya riƙe carbi, in ya hango fitila sai ya koma tafiyar mai zuwa masallaci. Karnuka sun san shi, 'yan sintiri ma sun taɓa tare shi suna tambayar abin da ya ɗauko. Amma babbar jarrabawarsa ita ce gari ya waye masa a hanya. A Haɗeja ba a wuce dattijo a guje. Dole ya ja birki, ya rusuna, ƙirji na bugawa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Kai, lafiya kuwa? Me ya faru a gidan?"

"Ba komai, Baba, motsa jiki ne."

"To, madalla. Ba wanda ya biyo ka dai?"

"Babu, Baba."

"Ikon Allah. Ya mai jiki? Ya yaran? An kai takin gona?"

Kafin a gama gaisuwa zufa ta bushe, ga kuma wani dattijon can a kan dakali ya riga ya gyara zama. Littattafan masu horarwa suna da tsarin da ake gudu a tsaya, a sake gudu a tsaya. Mutumin nan ya fi kowa bin tsarin, ba da son ransa ba.

Akwai Farfesa. Ya san Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Ya san Eliud Kipchoge na Kenya ya gama tseren cikin ƙasa da awa biyu a Biyana a 2019. Ya san dalilin da ya sa 'yan Pankshin da sauran yaran Filato ke ba mu ratar nan a Najeriya: a kan tudu suka tashi, huhunsu ya saba da ƙarancin iska. Yana gargaɗi, kuma gaskiyarsa, cewa wanda ya yi atisaye a busasshen sanyin hunturu zai sha mamaki a gadar Third Mainland, inda danshin teku ke hana zufa bushewa. Duk wannan bayani daga kan babur yake yin sa, yana bin masu gudun a hankali, yana cewa su ɗaga gwiwa.

Farfesa ne ya ɓata Mai Tuwo. Ya faɗa masa cewa 'yan tsere kan cika ciki da abinci mai sa ƙarfi kwana biyu ko uku kafin gasa. Mai Tuwo bai ji "kwana biyu ko uku" ba. Tun watan Nuwamba yake shiri da tuwon shinkafa da bandan kifi, ga fura da rana.

Baban Ummi kuwa bai taɓa ƙin fita ba, hana shi ake yi. Asabar ɗin da ya ware wa dogon gudu, ɗaurin aure a Malam Madori. Ta gaba, suna a gidan ƙaninsa. Ta gaba, ta'aziyya a Birniwa, kuma wa zai ce bai je gaisuwar mutuwa ba saboda yana gudu? Uwargida ce ta warware matsalar, ko da yake ba don tausayinsa ba. "Baban Ummi, tunda gudun za ka, ka biya ta kasuwar kifi, sannan ka karɓo niƙa, ka tsaya wajen Inna ka kai mata maganinta." Yanzu ba a ƙara tambayarsa lafiya. Mutum da leda a hannu yana sauri, kowa ya san aike ne, har addu'a ake yi masa. A duk zauren shi ne tumbinsa ya fara sauka.

Hajiya Malama ba ta cikin zauren ma, mijinta ne a ciki. Bayan an tashi ɗalibai takan zagaya filin makaranta da hijabinta da kambas ɗin 'yarta, ita da wata ma'aikaciyar jinya, ba hoto, ba sanarwa. Ta ce tseren kilomita goma da ake haɗawa da babban ya ishe ta. Mijin na cewa wannan ai ba gudu ba ne, alhali ita ce ke dafa masa ruwan gasa ƙafa duk ranar da ya gwada rabin haka.

Aikin Ma'aji ya fi na kowa wuya, don shi ne zai yi wa masu kuɗi bayani. Ya je wurin wani attajirin shinkafa, ya zauna a kan tabarma, ya karanto komai. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "To ɗana, kuɗin motar Legas zuwa da dawowa, da masauki, da takalman nan, nawa ke nan?" Ma'aji ya faɗa. "In kun haɗa wannan kun ba mutanen Auyo, ni ma na ƙara nawa, ku zauna a gida ku huta, wa ya yi asara?" Ma'aji ya yi ta neman amsa. Amsar tana nan, amma ba ta faɗuwa a gaban babba: ba don gudun ba, da shi Ma'ajin bai zo ba, da Alhaji bai sa hannu a aljihu ba. Ɗan Adam yana son ya ga wani ya sha wuya kafin ya saki kuɗinsa. Alhaji dai ya bayar, da sharaɗin a kawo masa bidiyon Mai Tuwo a kan gada.

Na ƙarshe bai san ana yi ba. Manomin rani ne, gonarsa na can cikin fadama, kullum da sassafe yana tafe da silifas, tiyon injin ban ruwa a kafaɗa, yana sauri don ya riga tsuntsaye isa shinkafarsa. Tafiya yake yi, su suna gudu, amma yakan cim musu, ya yi musu sannu, ya wuce. Wata rana Farfesa ya tsayar da shi, ya yi masa bayanin Legas da Kipchoge da kilomita 42, ya ce da irin ƙafarsa zai iya fitar da Jigawa kunya. Mutumin ya sauke tiyo, ya dubi Mai Kaya da ke dafe da bishiya yana haki.

"Yallaɓai, in na je can, wa zai kore mini jan baki?"

Farfesa ya ce za a samo yaro.

"To shi yaron nawa za a ba shi? Don in da tsoka, gara ni in tsaya in yi korar, ku tura yaron Legas."