Wasiƙa daga Bradford: Na Yi Baƙi Biyu a Ɗaki

Assalamu alaikum, Taubashi.

Ina lafiya, aiki da godiya, sanyi kuwa ba a magana. Na ji masara ta yi kyau bana, na kuma ji kai ka hana a kai ta Dandume sai farashi ya tashi. Allah ya sa kada ƙwari su riga ku cin ribar. Zancen kuɗin taki mun gama shi a waya, kar a tono.

Albishirinka: na yi baƙi biyu a ɗaki, kuma mai gidan haya ne ya kawo su da kansa, da tsani da sukundireba. Farare ne, ƙanana. Zamansu zaman kishiyoyi ne sak. Ta jikin silin mafaɗaciya ce, aikinta hayaƙi. Albasa ta ɗan ƙone min a tukunya, sai ta kwarma ihu har maƙwabta su san me na dafa. Ta bangon kicin, kusa da tukunyar gas mai ɗumama gida, shiru-shiru ce, sai ƙyafta koriyar fitila. Ita wai tana gadin wata guba ce, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ka ji mutane: sun ɗauki mai gadi don ɓarawon da ba a gani.

Kuma fa doka ce. Tun 1 ga Oktoba 2022, a Ingila dole mai gidan haya ya maƙala ta a duk ɗakin zama mai na'urar ƙona gas, mai ko itace, ban da murhun girki na gas. In aka gargaɗe shi ya yi kunnen ƙashi, tara har fam 5,000. Ka buga lissafi da naira, ka ga buhu nawa ne a kasuwar Funtua, sannan ka nemi wuri ka zauna.

Mai gyaran gas da ke zuwa duba tukunyar duk shekara ya warware min zancen. Wuta in ba ta samu iska sosai ba, ta gas ce, ta gawayi ko ta fetur, ita ke fitar da gubar. Jini kuma, sakarai, ya fi maƙale mata fiye da iskar kirki sau sama da 200. Sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci mai nauyi. A wajenmu da tuni an ce shawara ce, ko a fara kallon tsohuwar bayan layi.

Yana bayani, ni kuwa hankalina na Malumfashi, ɗakin Kaka a tsakiyar hunturu: kasko cike da garwashi a gindin gado, ƙofa a garƙame, taga an cusa mata tsumma. Wallahi da za a maƙala wannan baiwar Allah a can, ihunta sai an ji a Bakori. Kaka za ta fara yi mata tofi, in ta ƙi shiru ta kife ta da ƙwarya, in ta ci gaba ta ce jikan nan nata ya aiko mata da kishiya daga Turai. Kai kuma da janaretonka da kake kwana da shi a soro don tsoron ɓarayi, kai ne na biyu a layi. Wannan ba wasa nake ba: ka fitar da shi fili, nesa da taga, ka ɗaure da sarƙa. Kaskon Kaka ma a riƙa fitar da shi kafin ta kwanta, ko da za ta zage ku har kakanninku, wato har ita kanta.

Wani dare batirin shiru-shirun ya yi sanyi, ta yi "ƙit" cikin duhu. Kafin in farga na ce "na'am". A gida in ban fito Asuba ba, kafin rana ta ɗaga an turo yara uku su buga min ƙofa. Nan maƙwabcina, sunan karensa kawai na sani. Yanzu duk Juma'a nakan danna maɓallin gwajinta, mu gaisa.

Zan ba mai zuwa Sallah irinta guda biyu, ɗaya taka, ɗaya ta Kaka. Kar ka cire batirin ka sa a rediyo, na san halinka. A ba shi yaji da kuka da daddawa ya taho min da su, a naɗe daddawar sosai saboda jami'an filin jirgi. Ka gaida Inna, ka ce na yi ƙiba. Ka gaida 'yan majalisa, ban da mai bina bashi.

Naka,
Ubangidanka na Bradford