Saitukan Kyamarar Waya, da Abin da Suka Yi wa Wani Biki

Kyamarar waya, ta Tecno ce ko Samsung ko iPhone, tana da jerin saituka a ƙasan allo, ana goga yatsa a zaɓa. A wayoyin da ke da shi, na gyaran fuska shi ya fi farin jini. Aikinsa ya sulɓe fata, ya share ƙuraje da tamoji, sai dai bai san bambancin ƙurji da tsagar gado ba. A bikin ƙanwar mai wannan rubutu, inda aka ɗora masa ɗaukar hoto don kawai wayarsa ce sabuwa, saitin ya goge wa Kaka tsagar Gobirawa da ke kumatunta tun tana jaririya. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta ce, "Maigida, kishiya ka yi mini? 'Yar gidan wa ce wannan?"

Sai saitin da ke fito da mutum ɗaya ya dusashe abin da ke bayansa. Waya kan yi kirdadon nisa, ta yanke wa kanta hukuncin wane ne mai muhimmanci. Ta zaɓi amarya, ta mai da uwar ango hazo. Har yau ana ba da haƙuri.

Saitin dare kuwa hotuna da yawa yake ɗauka cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya haɗe su wuri ɗaya don haske ya wadata. Sharaɗinsa kowa ya tsaya cik. Da aka ɗauke wuta daren kamu, ƙawaye ba su fasa rawa ba, aka sami amarya mai kai uku.

A ɓangaren bidiyo, 1080p mai hoto 30 a daƙiƙa ya ishi kowane biki. 4K ya ninka shi huɗu, ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, kuma a iPhone, idan aka sa shi a hoto 60, yana cin kusan megabait 400 a minti guda. Wahalar banza ce ga wanda zai tura ta WhatsApp, domin can ma matse shi za a yi. Wayar ta cika daidai lokacin da aka fito da amarya tana kuka.

Saitin tafiyar hawainiya yana ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, ya nuna su 30-30, wato daƙiƙa ɗaya ta koma takwas. Da sukuwar dawaki ranar hawan sallah ya dace. A wajen walima Kawu saitin ya kama, yana kai cinyar kaza baki, ido a lumshe, mai na gangarowa gemu a hankali, alhali ya gama shaida wa jama'a cewa likita ya hana shi maiƙo. Bidiyon ya riga shi isa gida wajen Inna.

Kishiyar wannan saitin shi ne na gaggawa, mai dunƙule dogon lokaci cikin daƙiƙoƙi, kuma ba ya ɗaukar sauti. Shi yatsa ya goga ranar ɗaurin aure. Liman da waliyyai suka yi ta kaɗa kai da sauri, aka shafa fatiha, aka watse, ba a ji sadaki ba, ba a ji sunan ango ba. Kawu ya kalla sau biyu, ya ce, "Kai ɗan nan, Allah Ya sa dai akwai shaidu."

Bikin ƙanen ango da ke tafe, mai hoto na kasuwa aka ɗauka.