Akuya Ta Cinye Injin Lista

A 1919, a birnin Balin na Jamus, wata mai zane, Hannah Höch, ta yanko hotunan boris da tayoyi da ƙarafuna masu haƙora daga jaridu, ta liƙa su tare da kawunan 'yan siyasar zamanin. Yau hoton yana gidan tarihi ana tsaronsa. Shi kuwa Henri Matisse na Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, daga kan keken marasa lafiya ya riƙa yanka takardu masu launi, duniya tana yabo.

Da na karanta wannan sai na ce ashe almakashi ne kawai jarin. Ga tsohon injin niƙa a bakin layinmu, ƙirar Lister ta garin Dursley a Ingila, mai silinda ɗaya da ƙatuwar ƙafa da ake murzawa da hannu kafin ya tashi. Na tsaya ina leƙensa ina zana bel da salansa. Mai injin ya kashe shi, ya matso yana kaɗe gari daga gira.

"Yallaɓai, na wannan watan fa na biya."

Sai da na rantse ni ba ɗan haraji ba ne.

A gida na samo buhun siminti don launin tsatsa, da tsohuwar kalanda, da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi. Gam kuwa, na dama sitacin rogo. Haƙoran ƙarfen nan su ne azabar aikin: ka yanka ɗaya ya fito kamar na zomo, ka gyara shi na kusa ya gutsure. Da la'asar dai inji ya tsaya a kan kwali, har da hayaƙin auduga. Na shanya shi a tsakar gida na tafi masallaci.

Na dawo na tarar da akuyarmu tana tauna salansa. Sitaci ta bi, ta haɗa da ƙafar injin da bel. Ban gama salati ba uwargida ta fito riƙe da almakashinta na ɗinki.

"Malam, da wannan ka yanka buhun siminti?"

Ta gwada shi a ƙyallen atamfa, ya tauna ya ƙi ci. Kowane tela ya san takarda tana dakusar da kaifi, shi ya sa suke ɓoye nasu. Almakashin yana wurin mai washi, kuɗin a wuyana. Mai sha'awar gwadawa ya sayi nasa, ya sayi gam na kanti, ya kuma ɗaure akuya tukuna.