Yadda Na Shayar Da Injin Yankan Ciyawa Giya Cikin Azumi

Duk wanda ya girma a Kano ya san layin mai kamar yadda ya san hanyar gidansu. Ni na kwana a mota a titin Zariya ina jiran tanka ta iso. Na sayi galan a hannun 'yan bunburutu, na kuma zuƙi fetur da tiyo har na yi kwana biyu ina gyatsarsa. Don haka da aiki ya kai ni Bradford, a arewacin Ingila, na sallama wa Turawa sanin sanyi da sanin dankali, amma a raina na ce batun fetur kam ni ne malaminsu.

Ranar nuna ilimin ta zo a ƙarshen Satumbar 2021. Direbobin manyan motoci suka yi ƙaranci a Birtaniya, labari ya bazu cewa mai zai yanke, kowa ya zabura gidan mai a lokaci guda. Gidajen mai suka ƙafe, har a farkon Oktoba sai da gwamnati ta fito da sojoji su tuƙa tankoki. Da na ga Bature a layi yana danna oda yana zare ido, sai na ji wani daɗi kamar an ajiye ni a gida. Su abin baƙo ne a wurinsu, ni kuwa ɗan gari ne. Ina idar da sallar asuba na fita, na zagaya gidajen mai huɗu, na cika tankin tsohuwar motata 'yar 1998, sannan na cika jarka uku masu cin lita goma-goma. Doka ta yarda mutum ya ajiye lita 30 a gida ba tare da ya sanar da hukuma ba, ni kuma ban bar wa doka ko cokali ɗaya ba.

A jikin famfon na ga an rubuta E10 cikin wani da'ira. Na ɗauka lambar famfon ce.

Ina sauke jarkokin sai ga maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, wanda ciyawar lambunsa take kwance lif kamar dardumar masallaci. Ya leƙo ta saman shinge ya dubi kayana.

"Ɗana, wannan sabon man ba ya ajiyuwa fa. Wata ɗaya, wata biyu, sai ya juya."

Na yi masa godiya irin wadda ake yi wa yaro idan ya ba ka shawara. Da na shiga ciki na ce wa uwargida, "Ji mutumin nan. Wanda bai taɓa kwana a layi ba shi zai koya mini ajiyar mai?"

Ta ce, "Maigida, wanda ya riga ka barci dai..."

Ban bari ta ƙarasa ba.

A ɗan ɗakin katakon da ke ƙarshen lambu na jera jarkokin, kusa da injin yankan ciyawar da na saya na hannu fam 40. Ba don sha'awa na saye shi ba. Mai gidan da muke haya ne ya rubuta a yarjejeniya cewa sai an riƙa gyara lambu. A ƙasarmu ciyawa abincin tumaki ce, har sayenta ake yi. A nan kuwa shuka ta ake yi a ba ta taki, in ta girma a aske, a zuba a shara. Cikin Oktoba na yi askin ƙarshe, na bar rabin tanki a injin, na tura shi lungu. Murfin jarka ɗaya ya ɓace mini, sai na yi dabarar gida: na toshe bakin da leda na ɗaure da roba.

Hunturu ya shigo da ruwansa da raɓarsa. A Fabrairun 2022 ƙanena ya kira ni daga gida yana kuka da wahalar mai, wai an shigo da gurɓataccen fetur mai methanol da yawa, motoci suna ta lalacewa, layi ya dawo sabo.

"Yaya, ku kam kun huta."

Na ce masa, "Ai matsalarku ba ku da tanadi. Ni nan da kake ji na, lita talatin gare ni a ajiye."

Ranar 18 ga watan guguwar da suka kira Eunice ta ratsa ƙasar, ta yaye rufin ɗakin katakon nawa gefe guda. Na ce zan gyara, ban gyara ba. Bayan kwana shida Rasha ta afka wa Yukren, farashin mai ya tashi, kafin Maris ya ƙare lita ta haura fam 1.60. Daga nan na fara kai wa jarkokina ziyara kamar manomin da ke zagaya rumbu. In ɗaga ɗaya, in girgiza, in yi lissafin riba, in koma ciki ina murmushi.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, daidai lokacin da ciyawar Ingila take farkawa. Kafin goman ƙarshe ta kai mini ƙwauri. Uwargida ta gayyato 'yan uwa Hausawa daga Leeds da Manchester cin abincin Sallah, ta ce a lambu za a shimfiɗa tabarmi, kuma ba za ta saukar da baƙi a dawa ba.

Wata Asabar bayan la'asar na jawo injin. Na ja igiya, shiru. Na sake ja, shiru. Mai azumin awa goma sha shida ba shi da ƙarfin zubarwa, amma na ja har sau ashirin ina ƙirgawa. Sai na tuna ni tsohon ma'abocin janareta ne. Na kwance fulogi, na kankare, na hura, na mayar. Na karkata injin na jijjiga shi. Na buga masa sufana a gefe, wanda a Kano shi ne rabin gyara. A ja na arba'in da uku ya yi tari, ya yi atishawa, ya tashi yana karkarwa, ya fesa mini farin hayaƙi a fuska. Na tura shi taku uku, ya aske wuri kamar faɗin faifai, ya mutu. Maƙwabcina yana tsaye a bakin shinge da kofin shayi a hannu. Bai ce komai ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

A nan ne ya kamata hankali ya zo mini. Maimakon haka sai na yanke hukunci cewa injin ne tsoho, araha ba ta ado, man nawa kuwa lafiyarsa ƙalau. Don in tabbatar wa kaina, kuma don in ci ribar tanadina, na ɗauko jarkar nan mai murfin leda na juye ta a tankin mota, wanda dama ya kusa ƙafewa. Na ɗaga gindinta sama na girgiza har ɗigon ƙarshe, don kada a yi asara.

Da yamma uwargida ta ɗora mini tukunyar kunun gyaɗa da kwanon ƙosai in kai masallaci buɗa-baki. Na aje tukunyar a kujerar gaba na ɗaura mata bel. Ban yi tafiyar minti biyar ba mota ta fara fizga kamar jakin da ya ga rami. Ta yi gaba, ta yi turjiya, ta yi gaba, ta yi turjiya. Duk turjiya ɗaya, ludayi ɗaya na kunu a cinyata. Muna shiga shataletale ta ja dogon numfashi ta mutu, a daidai tsakiya. Na fito da jallabiya jiƙe da kunu ina turawa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sitiyari, Turawa suna wucewa suna kallona cikin ladabi. A bakin titi rana ta faɗi. Ni da direban motar janwe muka yi buɗa-baki, ya ci ƙosai bakwai, ya tambaye ni ko ana sayar da shi a shago.

Ranar Litinin bakanike ya zuƙo abin da ke tankin ya zuba a kwalba, ya ajiye a kan tebur. Cikin 'yan mintoci ya rabu gida biyu: sama fetur, ƙasa wani ruwa gurɓi-gurɓi kamar tsarin kamu.

"Abokina, daga ina ka samo wannan?"

Na faɗa masa gaskiya, har da ledar. Ya yi dariya sai da ya dafa bango, sannan ya yi mini karatu. E10 ba lambar famfo ba ce. Tun 1 ga Satumbar 2021 fetur na gama-gari a Ingila ya koma mai ɗauke da ethanol har kashi 10 cikin 100, a maimakon kashi 5 na da. Shi ethanol mayen ruwa ne, ko a iska ya ji laima sai ya zuƙe ta. Idan ruwan ya kai kimanin ƙaramin cokalin shayi a kowace lita, sai su biyun su haɗa kai su rabu da fetur su kwanta a ƙasa. A ƙasan nan kuma bakin famfon mai yake. Wato abin da na girgiza don kada a yi asara, shi motar ta fara sha. Ya kuma nuna mini tiyon mai, ya yi laushi ya tsattsage, ya ce robar tsofaffin motoci ba a yi ta don wannan haɗin ba. Duk motar da aka ƙera daga 2011 ba ta da matsala da shi, haka ma kusan kashi 95 cikin 100 na motocin fetur da ke kan titi. Tawa tana cikin ragowar. Abincinta E5 ne, wanda har yanzu ake sayarwa a famfon mai tsada.

Na ce, "To shi ethanol ɗin nan mene ne asalinsa?"

Ya ce, "Shi ne abin da ke bugarwa a cikin barasa. An dai gurɓata shi yadda ba ya shayuwa."

Na yi salati. Motar da na sani da giya biyar, ashe ta shida tana cikin tanki. Sai yanzu na gane tangaɗin da ta yi a hanya, da layin da injin ciyawa ya yi kafin ya faɗi. Na biya fam 260, na bar masa sauran jarka biyun ya san yadda zai yi da su, don ba a yarda a zuba fetur a kwata ba.

Da na kai labari gida uwargida ta tafa hannu.

"Sannu Sarkin Mai. Wato wata bakwai giya ka ajiye mana a lambu, har cikin azumi kana zuwa kana girgiza ta?"

Na ce an ce ba ta shayuwa. Ta ce ai ta ga waɗanda suka sha.

Ana saura kwana biyu Sallah na sauke girman kai na buga ƙofar dattijo. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya kwance kafireton injina ya buɗe. Cikinsa duk wani farin gari da kore-kore, ga danƙo kamar ƙaro ya toshe 'yar kafar da mai ke bi, wadda ba ta fi kafar allura ba. Ya ce ruwan da ethanol ya jawo shi ke cin alminiyon da tagulla, fetur ɗin da ya daɗe kuma ya bushe ya bar danƙo. Ya ce na ma yi sa'a. Ƙananan injinan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, irin na datse shinge da zarton itace, in suka zuƙi wannan ruwan na ƙasa babu maiƙo a cikinsa, sai inji ya buga gaba ɗaya.

Na tambaye shi me ya sa gwamnati ta jawo wa mutane wannan. Ya ce lissafinta shi ne za a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da tan 750,000 a shekara, kamar an janye motoci 350,000 daga titi, kodayake ita da kanta ta yarda mota za ta ɗan ƙara shan mai da kamar kashi 1 cikin 100, don ethanol bai kai fetur ƙarfi ba. Ya ce a Amurka daga masara ake yinsa, a Barazil daga rake, a nan Ingila kuwa har da alkama. Na yi shiru ina tuna gurasa da alkaki. Alkamar da muke lallaɓawa sai ranar biki, ita ake tatsa a ɗura wa mota.

Kafin ya mayar da kafireton ya ba ni dokokinsa. Kada in sayi man da ya wuce na wata guda. In rufe jarka da murfinta na gaskiya. Idan hunturu ya zo in bar injin ya yi ta aiki har ya shanye abin da ke cikinsa ya mutu da kansa, sannan in ajiye. In kuma ina da kuɗi, akwai fetur na gwangwani marar ethanol da ake yi don injinan lambu, yana shekaru bai lalace ba, sai dai tsadarsa ta ninka ta gidan mai. Ya zuba nasa man, ya ja igiya sau ɗaya tak, inji ya tashi.

Ranar Litinin 2 ga Mayu aka yi Sallah, baƙi suka zauna a kan ciyawa lif, suna yaba ƙoƙarina. Ban musa ba. Uwargida dai ta cika kwano da dambun nama da cincin ta ba yara su kai wa dattijo, ta ce su gaya masa daga ɗalibinsa ne. Ƙanena ya sake kira yana tambayar lita talatin, na ce masa layin ba ya da kyau.

Ɗan'uwa, in tafiya ta kai ka ƙasar da ake haɗa fetur da ethanol, ka karanta abin da aka rubuta a jikin famfo kafin ka ɗura, ka kuma san shekarar motarka. Fetur ɗinsu ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira tsada. Kamar nono yake: sayi wanda za ka sha, ka rufe bakin ƙwarya, kada ka bari ya daɗe.